Rodi Goma Sha Biyu a Gindin Katanga

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, ya tsare ku a inda kuke neman abinci, ya sa ku gama da duniya lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, in na durƙusa sai na nemi abin dafawa kafin in miƙe, idona kuma hasken walda ya ci rabonsa, amma ina fita shago kullum. Innar yara tana jin sauƙin tarin da hayaƙi ya sa mata, za ka ji dalilin hayaƙin a gaba. 'Yarka ta biyu ta nan gidana ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata duk kalmar da ta tausasa mini ban yafe ba, don na san halinta.

Yanzu ka gyara zama, domin maganar da na haɗiye shekara bakwai yau zan fito da ita. Tun ranar da ɓarayi suka hauro katangar bayan gidana da rana tsaka, ina shago, suka ɗaure innar yara da ɗankwalinta a jikin ƙafar gado, suka fice da keken ɗinkinta ta ƙofar gaba kamar masu tashi daga haya, tambaya ɗaya nake yi: me doka ta yarda mutum ya yi don ya tsare gidansa? Na yi wa 'yan sanda ita, suka rubuta mini lamba a guntuwar takarda suka ce bincike yana tafiya. Har yau yana tafiya, ban san inda ya kai ba, ƙila ya kusa isowa wajenku. Na yi maka ita kai ma, a waya, ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba. Ka ce dokar can ba irin ta nan ba ce, kai kuma lauyan kamfanoni ne, amma za ka tambayi wani abokinka. Ina jin abokin nan naka kurma ne. Mahaifinmu ya zaunar da ni gaban wutar walda ina ɗan shekara goma sha biyu don kai ka samu ka tafi makaranta. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake yi ba, tuni ne kawai.

Da na ga ba mai amsa mini, sai na yi abin da hannuna ya iya. Na sa wa kowace taga ƙarfe, na cire ƙofar katako na haɗa ta ƙarfe mai sakata uku. Innar yara kuwa tun daga ranar nan ba ta koma daidai ba, ko kyanwa ta taka kwanon rufi sai ta zabura. Ita da bakinta ta ce in riƙa kulle ta ta waje da kwaɗo in zan fita, wai ba ta yarda da kanta ba, wani zai ƙwanƙwasa da muryar mai neman ruwan sha ta buɗe masa. Saura wuri guda, lungun bayan kicin, inda ƙasar waje ta yi tudu har mutum yana iya ɗora hannu a kan katanga, ta nan suka shigo. Na haƙa rami a gindinta daga ciki, na yanko rodi goma sha biyu, na wasa bakinsu, na kafa su a siminti suna kallon sama, na shimfiɗa tsohuwar tabarma a kai na watsa ganye. Mutanen gida duk sun sani. A waje ban gaya wa kowa ba, har da Wanzam, maƙwabcina da muke katanga ɗaya shekara talatin, don in ya ji magana da safe, kafin azahar duk kan da ya aske ya tafi da ita gida.

Shekara bakwai ko ɓera bai faɗa ramin nan ba. Sai ranar Asabar, mako uku da suka wuce, da hantsi, na kulle gida na tafi sayo ƙarfe, makulli yana aljihuna. Risho ya yi tsartuwa ya kama labulen kicin, wuta ta fara lasar silin. Innar yara ta yi ta kururuwa tana dukan ƙofa. Wanzam ya ji, ya bar mutum da rabin kai a kan benci, ya jijjiga ƙofa ya ga ba wurin wasa ba ne, sai ya zaga ta lungu ya hau katanga. Ta hango shi ta taga tana cewa kada ya diro nan, kada ya diro nan, amma ga hayaƙi ga ihu, shi kuma dama kunnensa na hagu ado ne. Ya diro. Rodi ɗaya ya shiga ta tafin ƙafarsa ya fito ta sama, wani ya yage masa ƙwauri. Mutumin nan, mai shekara sittin da biyar, ya zare ƙafarsa da kansa, ya ja jiki zuwa bakin duro, ya tsoma bargon da ke kan igiya a ruwa, ya danne wutar da shi. Da na iso na tarar da jama'a cike da ƙofar gida, maza uku da guduma suna ta bugu, ƙofa ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ba zan ɓoye maka ba, cikin tashin hankalin nan sai da wani abu a raina ya ce, ka ga aiki. Sannan na buɗe, na ga jini ya ja layi tun daga lungu har bakin kicin, ga shi zaune ya jingina da bango, innar yara tana ɗaure masa ƙafa tana kuka. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba.

A asibiti Wanzam ya ce wa likita ƙusa ya taka. Likita ya dubi ramin ya ce in dai ƙusa ce, to ta gadar jirgin ƙasa ce, kuma irin wannan rauni dole su sanar da hukuma. Washegari sufeton 'yan sanda ya zo da ɗan sanda guda mai rubutu. Sufeton dattijo ne mai ladabi, ya gaishe ni, ya ɗaga tabarma, ya tsaya yana kallon rodin. Sai ya juyo ya ce a hankali, "Baba, waɗannan ai ragowar ƙarafan aiki ne da aka zubar a nan aka manta, ko ba haka ba?" 'Yarka tana gefena, ta take mini ƙafa. Ni kuwa na ji kamar ya mare ni. Shekara hamsin ina sana'a, ba wanda ya taɓa kiran aikina shara. Na ce masa ya buɗe ido ya duba, tazarar da ke tsakanin kowane biyu yatsa huɗu ce cif, don kada ƙafa ta sami wurin sauka. Na ce siminti na zuba, ba laka ba. Na kuma ce ni ba na sallamar aiki sai na gwada shi, don haka na cika buhu da yashi daidai nauyin ƙato, na hau tsani na sako shi daga kan katanga har sau uku, kowane karo sai da rodi ya ɓullo ta sama. Sufeto ya rufe ido, ya shafa fuska, ya ce wa mai rubutu ya rubuta. Da za su tafi ya ce, "Baba, da ka bar ni na taimake ka." Sai a lokacin na gane ƙofa ya buɗe mini, ni kuma na sa mata sakata da hannuna.

Daga baya aka kira ni ofishinsu aka tsare ni, sannan aka ba da belina a hannun mijin babbar 'yarka, an kuma haɗa ni da wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi, wadda na haifi wadda ta girme ta. Ta zaunar da ni a wani ɗan ofis, fanka na juyawa ba iska, ta ce abin da na yi ba kare kai ba ne, tarko ne. Wai kare kai sai mutum yana wurin, haɗari yana gabansa, ya ga wanda ya zo, ya kuma mayar daidai da abin da aka zo masa da shi. Rodi kuwa ba shi da ido, ba ya tambayar wane ne ya diro. Na ce mata, 'yata, ranar da aka ɗaure matata ba na wurin, to doka so take in rufe shago in zauna a lungu da sanda ina jiran ɓarawo ya sa rana? Ta ce a'a, in ƙara tsawon katanga, in sa fitila, in ajiye kare, ko ƙarfen ma in kafa shi a sama inda kowa zai gani, ɓoyewar ce laifin. Na ce ɓarawon da ya ga ƙarfe ai wucewa zai yi gidan gaba. Ta ce to ai abin da ake so ke nan, Baba, ya wuce. Kada ka ɗauka na yarda. Ni ba wucewa nake so ya yi ba, so nake ya ji a jikinsa abin da innar yara take ji shekara bakwai.

To ga inda maganar ta tsaya. Ta rubuta takarda, ta karanta mini sau biyu, tana so in dangwala yatsa. Takardar ta ce na yi nadama, kuma ban yi nufin raunata kowa ba, tsoratarwa kawai na nufa. Ta ce da wannan, da shekaruna, da roƙon da Wanzam zai yi, ana sa ran alƙali ya ja mini kunne ya sallame ni. In kuwa na maimaita a kotu abin da na gaya wa sufeto, kada in yi mamaki in na kwana a gidan yari. Na ce nadamar ƙafar Wanzam da ita zan shiga kabari, a kawo takarda goma in dangwala. Amma a ce ban yi nufin rauni ba, wa ake tsoratarwa da abin da aka rufe da tabarma? Na yi nufi, ga wanda na nufa, sai aka sami wanda ban nufa ba. Ban yi karatu ba, abin da na mallaka a duniya shi ne in na ce ƙarfe zai riƙe to zai riƙe, in na ce eh to eh ce. Ba zan tsufa in sa yatsana a ƙarya ba don kawai an rubuta ta da kyau.

Kullum da yamma ina zuwa duba Wanzam. Yana kwance an ɗaga ƙafar a kan matashi, bakinsa dai rodi bai taɓa shi ba. Ya ce shekara talatin yana yawo da aska a maƙogwarona bai taɓa yanka ni ba, ni kuma karo ɗaya da ya shigo gidana ba sallama na soke shi kamar nama. Ya ce in dangwala yatsa in huta, taurin kaina ya fi ƙofata, in aka ɗaure ni shi ba zai kai mini ko ruwa ba, don ba shi da ƙafar zuwa. Na yi dariya, na fito, na tsaya a bakin ƙofarsa na kasa tafiya. Likita ya ce ƙila ya riƙa ɗingishi har ƙarshen ransa, shi kuwa a tsaye yake sana'arsa. Rodin ni na yanke su da injina bayan an ɗauki hotonsu, aka zuba a buhu aka tafi da su shaida. Ka sani ba don sufeto na yanke ba, don Wanzam ne. Innar yara ba ta ce in dangwala ba, ba ta ce kada in dangwala ba. Ta dai miƙo hannu ta karɓi makullin kwaɗo ta ɗaura a bakin zaninta. Shekaranjiya tana zuba mini ruwan wanka ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, in aka tafi da ni wa zai kwana a gidan. Wannan tambaya ta fi ta sufeto nauyi.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce mata maganin gwiwar da ta aiko ya ƙare kuma ya yi amfani. Ka gaida babban ɗanka da amaryarsa, da 'yan biyu, da takwarana da ban taɓa gani ba sai a hoto. Innar yara tana gaishe ku, Goggo tana gaishe ku tana cewa ka manta da ita, 'ya'yanka mata duka uku suna gaisuwa, har da wannan mai rubutu da take share hawaye tana ɓata mini takarda.

Za a shiga kotu ranar Alhamis ta makon jibi. Ba na so ka kira ni a waya ka ce Yaya a yi haƙuri, haƙuri ina da shi har na sayarwa. Ka zauna ka buɗe littattafan nan da aka raba mu saboda su, ka duba mini ko akwai hanyar da tsoho zai tsaya gaban alƙali ya faɗi gaskiyarsa duka, ya kuma koma ya kwana a gida kusa da matarsa. In akwai, ka rubuto mini ita da Hausar da zan gane. In babu, ka rubuto ka ce babu, ka sa hannunka a ƙasa, in san cewa ƙanena ne ya faɗa mini ba baƙuwa ba, sannan in san abin da zan gaya wa innar yara. In kuwa Alhamis ta zo ban ji daga gare ka ba, zan sa rigata mai kyau, in faɗi maganar buhun yashi daga farko har ƙarshe, kuma ba zan sauka daga akwatin nan da ake tsayar da mutum a kotu ba sai alƙali ya gaya mini abin da zan sa a gindin katangata. Kai ko shi, wani dai zai amsa mini. Na fi so ya zama kai.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Mai Walda