Na Bar Tohon Gawo a Gonarka, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa mahaifinsa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka. Ni ne Sule, autanka. Kada ka yi mamakin ganin rubutu daga gare ni. Ka bar ni ban san baƙi ɗaya na boko ba, sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a firamaren garinmu. Hannuna ne wannan, da karkacewarsa da komai.

Bari in fara da albishir, don ya ƙi zama a cikina. Habibu, jikanka da ka bari yana rarrafe, ya samu ɗa namiji bayan shekara tara ana jira. Sunanka aka raɗa masa. Da liman ya faɗi sunan sai na sunkuyar da kai kamar kai ne ka shigo zauren. Ranar nan na kasa zama wuri ɗaya, har mata suna yi mini tsiya wai ni ne mai jegon. Ba na iya kiran sunansa, Mai Sunan Baba nake cewa. Hancinka ne sak. In na ɗauke shi sai ya ƙura mini ido, irin kallon da kake yi mini in na makara zuwa gona.

Amma ba albishir kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Na saɓa maka, kuma na fi so ka ji daga bakina.

Ka tuna shekarar da ciyawa ta ƙare tun kafin bazara, ka hau gawon gonarmu ta gindin dutse, a hanyar Roni, ka saro rassa uku don akuyar Inna. Malamin daji ya iso, ya karɓe gatarinka, ya sa ka a gaba har ƙofar dagaci. Ka tsuguna cikin rana jama'a suna kallo, a kan itacen da ke cikin gonar da kakanka ya share. Tun daga nan, duk lokacin sharar gona, in ka ga toho sai ka ce mini, "Tumɓuke shi tun bai kai gwiwarka ba. In ya wuce nan ya zama na hukuma." Na bi maganarka har na tsufa, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba.

To, Baba, gonar ta zama fili fetal. Damina ba irin wadda ka sani ba ce. Ruwa yakan makara, in ya zo kuma ya zo da faɗa. Iskar hadari ta kwaso rairayi ta binne shuka, bara sau uku muka shuka gero. Ruwan da ke gangarowa daga dutse ya yanka kwazazzabo a tsakiyar gonar, ya kai ƙugun mutum. Wuri ɗaya ne gero ya yi kai mai kyau: gindin tsohon gawon nan da aka wulaƙanta ka a kansa. Nan shanun Buba, maƙwabcinmu makiyayi, suke wuni da rani suna cin 'ya'yansa, su bar mana taki.

Bayan kaka sai ga wata malamar gona, Malama Hadiza, da abokin aikinta a kan babur. Suka tara mu a ƙofar mai unguwa. Ba su zo da taki ba, ba su zo da iri ba. Cewa suka yi mu daina kashe tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, mu zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi mu rage sauran, mu jera duwatsu su tare gangara, mu dasa ciyawar gamba a bakin kwazazzabo. Maganar kanta ban ƙi ta ba. 'Yan Nijar da muke haɗuwa da su a kasuwar Babura sun daɗe suna cewa haka suke yi.

Abin da ya tsaya mini a rai gwangwanin fentinsu ne. Duk tohon da aka bari sai su shafa masa shuɗi, su ɗauki hotonsa da waya, su ba shi lamba. Me ya sa mutumin da ya zo daga nesa zai damu da yawan itatuwan gonata? A majalisa ana raɗe-raɗin wai akwai masu sayen iskar da itatuwa ke shaƙa, can a ƙasashen waje. Ban san gaskiyar wannan ba. Na tambayi Malama Hadiza, ta yi murmushi ta ce don a san waɗanda suka rayu ne kawai. Yarinya ce mai ladabi, har ƙasa take gaishe ni. Amma malamin dajin nan ma ai sai da ya gaishe ka sannan ya miƙa hannu ga gatarin.

Sun kawo takarda a dangwala, mutane suka yi layi. Ni na ce a ba ni in je gida da ita. Kwana uku ina bin ta da yatsa. Da Hausa aka rubuta, kuma an ce itatuwan na mai gona ne. Madalla. Sai dai na nema sama da ƙasa, ban ga inda aka ce mai gona zai iya saro reshe ya ba akuyarsa ko ya gyara rumbunsa ba tare da neman izinin kowa ba. Kai ma ai a baki gawon naka ne. Na mayar mata, na ce a ƙara wannan layin, dagaci ya sa hannu. Ta ce za ta kai wa manyanta. Yau wata biyu ke nan shiru. Habibu ya ce zargi ya yi mini yawa, wai wancan zamanin ya wuce. Shi bai gan ka a tsugune ba.

Lokacin shara ya zo, takarda ba ta dawo ba. Washegarin suna na ɗauki gatari na nufi gona da niyyar in yi abin da ka koya mini. Na tsaya kusa da tohon gawo na farko na gwada shi da ƙafata. Ya wuce gwiwa, ya kama cinya. Na ɗaga gatarin, sai fuskar mai sunanka ta faɗo mini. In na sare, rairayi da rami zan bar masa. In na bari, wataƙila wata rana wani ya zo da takarda ya ce ba nasa ba ne. Na zauna a kan dutse har rana ta take. Abin da na gani shi ne, in itacen yana tsaye yaron zai iya zuwa gaban alƙali a kansa, amma ƙasar da ruwa ya tafi da ita babu alƙalin da zai dawo masa da ita.

Na ajiye gatarin, na ciro wuƙa na rage rassan kamar yadda aka nuna mana. Goma sha ɗaya na bari, gawo da kalgo. Fentinsu dai ban yarda ya taɓa su ba tukuna. Na samo guntun kwano da ƙusa, na karce sunan yaron, na ɗaure a jikin wanda ya fi tsayi. Baba, tun da aka haife ni bakina bai taɓa furta sunanka ba. Ranar nan na rubuta shi, baƙi bayan baƙi. Na kira mai unguwa da Buba suka shaida, Buba kuma ya ce zai kau da shanunsa har tohon ya fi ƙarfin bakinsu.

Ka yafe mini. Har yanzu in na ji ƙarar babur a hanyar gona gabana yakan faɗi. Amma duk wanda ya zo da wata magana zai tarar da sunanka a jikin itacen, ya tarar da ni a gindinsa, kuma a wannan karon sai na karanta takardarsa kafin ya taɓa gatarina.

Allah ya gafarta maka kai da Inna, ya yalwata kabarinku, ya sanyaya shi. Allah ya raya takwaranka, ya sa ya sha inuwar waɗannan itatuwa, ya sari reshensu ba tare da ya waiwaya ba. Amin.

Ɗanka da bai daina kewarka ba,
Sule