Jan Makullin Batir

Belleville, 4 ga Nuwamba 1996

Yaya Moutari,

Bayan gaisuwa. Ba lafiya ba. Inna tana asibiti kwana uku ke nan. Ranar Juma'a mun fita da ita bayan gari a motar nan mai gadon kwana a ciki da ka ara mana. Bayan azahar ta ce sanyi, na kunna mata hita ta gas, ta kwanta a ciki. Salifou, mijina, ya ciro ta a sume. Ina ƙararrawar da ka cika mu da surutunta, wai tana kuka in iskar ciki ta ɓaci? Ko ƙis ba ta yi ba. Kai ne makanike, kai ka haɗa ta. Ka kusa kashe uwarmu da aikin ganin ido.

Ƙanwarka,
Rékia

Vénissieux, 12 ga Nuwamba

Rékia,

Ina gaishe ki. Na ga Inna, na gode Allah. Da na shigo ɗakin kika fita, don haka karanta.

Na dawo da motar na duba ta. Ƙararrawa lafiyarta lau. Jan makullin da ke ƙarƙashin kujera, mai yanke wutar batir gaba ɗaya, shi na tarar a kashe. Sau biyu na ce muku ba a taɓa shi sai an ajiye mota babu kowa ciki. Na kuma tarar da kaskon turaren wuta da tokarsa. Hayaƙi ya sa ƙararrawar kuka, wani ya rufe mata baki. Wa ya murɗa? Raina a ɓace yake, har daga gida Zinder an buga mini waya ana zagina.

Yayanki,
Moutari

Belleville, 18 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Ni ce. Motar tana warin mai, na yi wa Inna turare, abin ya dame mu da ihu, na murɗa, na manta. Da na rubuto maka na riga na tuna, tsoro ne ya sa na ɗora maka. Inna ta ce in gaya maka ta yafe maka. Ban gaya mata ni ce ba. Gobe zan faɗa mata.

Rékia

Vénissieux, 21 ga Nuwamba

Rékia,

Gaisuwa. In ba ki faɗa ba, kada ki faɗa. A gidanki take, daga hannunki take shan magani, ba na so ta riƙa tsoronsa. Ki bar laifin a kaina. Amma ita ta yafe, ni ban yafe ba tukuna.

Ki gaishe ta.
Moutari