Shingen Uwargida Verla Iriberri Yana Nan Tsaye

Cikin alhini da mutuwar jiki, Ƙungiyar Mafarauta da Makiyayan Kwarin Tolliver ta karɓi labarin rasuwar babbar uwarmu, tsohuwar shugabar kwamitin kula da namun daji na wannan kwari, kuma mamba mai lamba ta bakwai a rajistarmu, Uwargida Verla Iriberri, wadda Allah ya yi wa rasuwa ranar Talata da hantsi a gonarta da ke gindin Dutsen Tolliver, tana da shekara tamanin da ɗaya, bayan gajeriyar jinyar da ba ta yarda an kira ta jinya ba. Shugaba, Dattijo Orval Brandvold, da ɗaukacin 'yan kwamiti sun ɗora mini nauyin rubuta wannan saƙo, ba don na fi kowa ilimi ba, kowa ya san inda na tsaya a makaranta, sai don ni ne ban halarci zaman da aka raba aiki ba.

Duk wanda ya girma a kwarin nan ya san bareyinmu masu kunnen alfadari suna cin rani a kan dutse, a dajin gwamnati, kuma da dusar ƙanƙara ta fara sauka sai su gangaro su nufi fakon kudu, shi ma filin gwamnati, kuma ba su da wata hanya sai mashigin da ya ratsa gonar marigayiya. A mashigin nan tana da shingen waya mai tsawon mil huɗu saboda shanunta. Manyan bareyi suna tsallake shi, ƙananan kuwa ƙafa ce ke maƙale musu, su mutu a rataye. Shekara arba'in da uku, da fari tare da mijinta marigayi Fermin, daga baya ita da ɗanta Dominik, wannan baiwar Allah tana kwashe shanunta, ta bi shingen turke bayan turke ta kwantar da wayar a ƙasa, garken ya wuce cikin kwana uku ko huɗu, sannan ta tayar da abinta. Babu wanda ya sa ta. Babu kuma wanda ya taɓa yi mata godiya a rubuce sai yau, da ba za ta karanta ba.

Ba za mu rufe gaskiya don ana makoki ba: ƙungiyar nan ta daɗe tana faɗa da ita. Ba ta taɓa gaya wa kowa ranar da za ta kwantar da shingen ba, domin ranar takan faɗo cikin makonnin ƙarshe na farauta, kuma ta san muddin muka ji, za mu jera motoci a bakin iyakarta ta kudu, inda doka ta ba mu damar harbi, mu tari garken yana fitowa a gajiye. Mun ce dajin na kowa ne. Ta ce haka ne, amma wayar tata ce. Sau biyu muka cire ta daga kwamiti, sau biyu muka dawo da ita, saboda ita kaɗai ke hawa doki cikin sanyi ta ƙirga 'ya'yan bareyi, kuma ƙidayarta ba ta taɓa yi mana daɗi ba. Lokacin da ta fara, garken ya kai dubu tara. Bara dubu uku da 'yan kai ta samu. Mun ɗora laifin a kan fari, da damisar dutse, da sabuwar babbar hanya, da baƙin mafarauta daga wasu jihohi, duk kuma da ƙamshin gaskiya. Ita dai takan zauna a kujerar baya da saƙarta, in mun gama ta ce, “To, 'ya'yana, saura ku.”

Ni mai wannan rubutu ina da nawa kason. Wata shekara na sa matata ta gasa mata waina mai tuffa, na kai da kaina, na zauna ina kewaye-kewaye. Sai da ta cinye yanka biyu sannan ta ce, “Merle, kai da tun kana ɗan aji uku maganar da ta shiga kunnenka ba ta kwana? To, Alhamis ce. Kada ka gaya wa kowa.” Na rantse mutum biyu kacal na gaya wa. Ranar Alhamis mota arba'in da ɗaya na ƙirga a bakin iyaka, muka wuni muna shan kofi mai sanyi, ashe garken ya wuce tun Litinin. Da yamma ta biyo a kan dokinta, ta dubi layin motocin, ta ce, “Sannunku da aiki. Merle, ka ce wa matarka sukari ya ɗan yi yawa.” Har yau 'ya'yana huɗu in suna so su ce abu ba zai yiwu ba, sai su ce sai Alhamis ɗin Baba.

Ga inda muke yanzu. Marigayiya ta tafi shingen yana tsaye, kan dutse ya riga ya yi fari, Dominik kuma an yi masa tiyata a gadon baya, ba ya iya sunkuyo. Aikin da ta saba yi a kwana biyu yana buƙatar hannu ashirin a yini guda, kuma sirrin da mutum ashirin suka sani ya tashi daga sirri. Saboda haka kwamiti ya zauna, aka yi ta ja har muryoyi suka dushe, aka yanke da ƙuri'a biyar a kan huɗu cewa ƙungiya za ta kwantar da shingen bana, kuma duk wanda zai sa hannu sai ya fara miƙa wa Dominik takardar izinin farautarsa ta wannan shekara, ya zo da filaya da safar hannu, ya bar bindiga a gida. Waɗanda ba su zo ba, ba mu da ikon hana su abin da doka ta ba su. Roƙonsu kawai muke yi, mun kuma gaji da roƙon, amma muna sake yi. Tawa takardar, da yake da ƙuri'ar sa'a ake raba irinta, shekara tara ina shiga kafin ta fito. Tana cikin ambulan a kan teburin marigayiya tun jiya.

A madadin Shugaba, da 'yan kwamiti, da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malam Dominik Iriberri, da ƙanwarsa Uwargida Noreen Haskett, da jikoki shida, da jama'ar Cocin Katolika na garinmu, inda za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Allah ya ba ta hutawa, ya ba iyalinta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya ba mu kunyar da ta yi shekaru tana nema mana.

Masu tambayata ranar da za a kwantar da shingen, don Allah ku huta. Iyalin sun sanar da ni cikin ladabi cewa za a kira kowa da safiyar ranar, ni kuma za a kira ni daga ƙarshe.

Sa hannu:
Merle Tuttle
Kakakin Ƙungiyar Mafarauta da Makiyayan Kwarin Tolliver, Jihar Wyoming