An Binne Ɓauren Baba

Assalamu alaikum Kaka,

Ina fatan kina lafiya, ke da ƙanena Bobur da kowa a Tirmiz. Ya ciwon ƙafar? Ni lafiya lau, Gwaggo Dilbar tana kula da ni a nan Namangan. Hannuna ne kawai yake tsagewa wajen wanki, amma ba sosai ba.

Kaka, reshen ɓauren marigayi Baba da kika ba ni na dasa ya kama, har ya kai ƙirjina. Jiya sai na tarar mijin Gwaggo, Kawu Eshmat, ya tanƙwara shi yana binne shi da ƙasa. Sai hawaye suka zubo mini. Ya yi dariya ya ce, "Ke 'yar kudu, nan haka ake yi, kar ƙanƙara ta kashe shi. Baƙin ɓauren nan naku rago ne, mu rawaya muke shukawa."

Ban gane ba. Ta ina zai sha iska? Na ji kunyar tambaya. Ya ce in ya tofo bayan sanyi ya zama ɗan gari, in bai tofo ba dama nan ba wurinsa ba ne. Yana faɗa yana kallona.

Ki aiko mini da safar ulu. Ki yi mana addu'a, ni da ɓauren.

Jikarki,
Munisa