Zaman Nimal da Zaman Abdou

Jurf, Madina
3 ga Rajab

Zuwa ga uwargidana Raudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai ƙanenki Abdou na nema ya sa mini hawan jini.

Kin san da bakina na roƙa masa aiki a kamfanin dabinon nan, aka ba shi tuƙin motar ɗaga kaya. To, akwai wani abokin aikinmu, Nimal, mutumin Siri Lanka, mabiyin addinin Buddha. Kamfanin yana wajen iyakar Harami, shi ya sa muke aiki da irinsu. In mun tafi sallar azahar, sai ya koma bayan kwalaye ya tanƙwashe ƙafa ya rufe ido, ko ƙuda ba ya kora. Mushrif, wato shugaban aikinmu, zai yi ta zazzaga masa masifa, fuskarsa ko gezau. Ni kuwa kin san ni, kalma biyu na tafasa.

Abin ya burge Abdou, ya tambaye shi sirrin. Nimal ya ce babu wani sirri, numfashinsa kawai yake bi da hankali, shigarsa da fitarsa, kuma shekara goma sha bakwai ke nan yana yi. Goma sha bakwai fa! Abdou da ba ya iya jiran shayi ya huce. Amma yau sati biyu ga shi can zaune kusa da mutumin, ido a lumshe, sai an kira shi sau uku yake amsawa. Na ce masa in natsuwa yake nema ga salla, ga zikiri, ga Masallacin Annabi a gabansa. Murmushi kawai ya yi mini kamar wanda aka tasa daga barci.

Jiya na tsinci ƙwayoyi a aljihun rigarsa. Raina ya ɓaci matuƙa. Na tabbata Nimal ne ke ba shi, don wane ɗan Adam ne zai zauna haka bai sha komai ba? Gobe zan yi wa abin magani. Kada ki gaya wa Inna.

Mijinki mai kewarki,
Mu'azzam

17 ga Rajab

Raudatu,

Sallama da gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Na je wurin mushrif a ɓoye na ce a binciki Nimal. Wallahi ban ambaci Abdou ba, so nake kawai a raba su. Aka kai Nimal gwajin fitsari, ba a samu komai ba, ko maganin ciwon kai. Ya dawo ya ci gaba da ɗaure kwalayensa, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Washegari ya same ni, ashe mushrif ya gaya masa ni ne. Nimal ya ce tun satin farko ya gane Abdou na shan wani abu, ya yi ta hana shi. Wai cikin alkawura biyar da suke ɗauka a addininsu har da barin duk abin da ke gusar da hankali. Ya ce shi in ya zauna ƙara farkawa yake, yana jin komai, Abdou kuwa hankalinsa yake kashewa ya ɗauka natsuwa ce. Shirun da ya yi bai tona ba, don kada a kori ƙanenki ne. Da na titsiye Abdou ya amsa cewa wani direba a unguwar Ƙurban ke ba shi ƙwayoyin. Wai yana so ya ji abin da Nimal ke ji, amma ba zai iya jiran shekaru ba. Kin ji sakarci?

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Mushrif ya ji kunyar zargin marar laifi, sai ya ce don adalci a gwada kowa. Ran Lahadi aka gwada Abdou. Sun soke iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, jibi za su sa shi a jirgi, fita ba dawowa.

Shi zan ba wasiƙar nan ya kawo miki. Ɗazu ya rungume ni yana kuka, yana neman gafara wai ya zubar mini da mutunci. Bai san wanda ya je wurin mushrif ba, Nimal ya ƙi gaya masa, ni kuma na kasa. Yanzu ke kin sani. In ya miƙo miki takardar, don Allah ki bari ya ci abinci tukun.

Naki,
Mu'azzam