Kwamfutar Malam Ta Ƙi Kome

Anti Saudat,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki ture sauran wasiƙun gefe ki fara da tawa, domin tawa tana da wa'adi, Juma'a mai zuwa. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi garinmu ba, saboda a nan in ka yi atishawa a Rano, kafin ka goge hanci an aiko maka da sannu daga Kibiya.

Mahaifina malami ne, Malam muke ce masa, yana karantarwa a zaurensa a Kibiya. Mutum ne da ko murmushi zai yi sai ya waiga ya ga babu kowa. Yayana Habibullahi ne ya sayo masa kwamfutar tafi-da-gidanka ya cika ta da littattafan addini, saboda idon Malam ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, ita kuwa ana iya ƙara musu girma.

Mijina, Baban Muhsina, yana da shagon buga katin biki da hoton fasfo a Rano. Mutumin kirki ne, ba ni da ta cewa. Amma kunyar suruki ta yi masa yawa. Tun daga bakin layi yake cire takalmi, kuma duk abin da Malam ya faɗa amsarsa ɗaya ce, to. Ko ƙarfe nawa Malam ya tambaye shi, to zai ce.

Bara Malam ya yi ƙorafin kwamfutar ta cika. Ni kuma, kamar yadda kowace mace mai kishin mijinta za ta yi, na ce ai ga Baban Muhsina nan, babu abin da kwamfuta ke ɓoye masa, har daga Kano ake kiransa. An dai taɓa kiran nasa daga Kano, ɓatan lamba ne, amma ai an kira. Ya karɓe ta, ya yi ta lalube har ya gano wani ɗaki a cikinta da bai ga amfaninsa ba, ya share shi, wuri ya samu. Malam ya ji daɗi, bayan la'asar a gaban jama'a ya kira shi Injiniya. Sunan ya bi shi har Rano, masu acaɓa ma da shi suke gaishe shi. Ni na sa aka ƙara shi a allon shago, don abin alheri ba a ɓoye shi.

To kwanakin baya kwamfutar tana cikin sabunta kanta, ta rubuta kada a kashe ta, sai aka ɗauke wuta, ga batirinta ya daɗe da mutuwa. Tun daga ranar in an kunna ta sai wasu ɗigo-ɗigo su yi ta zagaye, ba ta shiga ba ta fita. Malam ya naɗe ta a darduma ya aiko da ita wurin Injiniya.

Abokin Baban Muhsina, wani Jabiru da ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba, ya ce a kashe ta da ƙarfi sau uku tana cikin tashi, za ta buɗe wurin gyaran kanta, daga nan a mayar da ita yadda take kafin ta lalace. Haka aka yi. Anti, saki uku ya yi mata da hannunsa, sannan ya zauna yana neman kome! Sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta rubuta da Turanci cewa wurin gyaran nan ba ta same shi ba. Ina kallon Baban Muhsina gumi ya karyo masa. Ashe ɗakin da ya share bara shi ne wurin gyaran. Wato abin da ya ba shi sarautar shi ne yanzu zai tuɓe shi.

Ba irin dabarar da bai yi ba. Ya tura ta cikin buhun shinkafa kamar wayar da ta faɗa ruwa. Ya ajiye ta gaban fanka wai ko zafi ne. Maƙwabciyata Hajiya Rakiya ta ce bakin mutane ne, ta kawo turare, muka turara ta har Muhsina ta fara tari. Yanzu dai kwamfutar tana ƙamshi, amma ba ta tashi ba.

Abin da ya fi kashe shi alherin Malam. Duk zuwan ƙanwata Bara'atu sai ta zo da saƙo, yau gyaɗa, gobe zabbi, a gaida Injiniya, a ce masa kada ya gaggauta. Na dafa zabbin nan da yaji mai kyau, mutumin nan ya kalli kwano ya ce shi ba zai ci haƙƙin da bai yi aikinsa ba. Ni da ban share ɗakin kowa ba na cinye. Ya daina zuwa gaisuwa Kibiya, wai ciwon baya. Ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya faɗa banɗaki. Namiji har namiji, haba!

Shekaranjiya Bara'atu ta zo da labarin da ya fi kowanne. Malam, wanda tun da aka kawo ni bai taɓa taka gidan nan ba, ya ce Juma'a zai shigo Rano ya ga Muhsina. Muhsinar da ko satin jiya ta kwana a Kibiya.

Nan take Jabiru ya kawo wani filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce a yi mata fomatin, a wanke ta tas a zuba sabon tsari. Baban Muhsina ya amince. Ya ce ai littattafai ne, Habibullahi zai sake turo su, Malam ba zai ma gane ba.

Anti, ga inda nake kuka. Ba littattafai kaɗai ne a ciki ba. Innarmu ta rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Wata rana na je gida ba sanarwa, ina wucewa ta bayan ɗakin karatun Malam sai na ji muryar Inna tana faɗa. Na tsaya cak. Na leƙa ta taga, sai ga Malam zaune da kwamfutar a cinya, yana kallon wani ɗan bidiyo na ranar bikin Bara'atu. Inna ce a tsakar gida da muciya a hannu, tana yi wa kowa faɗan itace, sannan ta juyo ta ce Malam ya ɗauke butarsa ya ba mata wuri, nan ba zaure ba ne. Yana ƙarewa ya mayar da shi farko. Da ya ji motsina ya rufe da sauri, ya yi gyaran murya, ya tambaye ni ya hanya. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wayar Habibullahi da aka ɗauki bidiyon da ita ta daɗe da ɓata, na tambaye shi a fakaice, ba shi da wani kwafin. In aka wanke kwamfutar nan, muryar Inna ta tafi kenan.

Shi ya sa na ɓoye cajar a cikin buhun garin kuka, tunda ba ta tashi sai da ita. Baban Muhsina ya birkice gidan nan yana nema, har ya fara zargin akuya. In na gaya masa, na tona asirin mahaifina ga surukinsa, kuma na san shi, daga ranar ba zai ƙara iya haɗa hanya da Malam ba. In na gaya wa Malam gaskiya, na kashe mijina da kunya, ga allon shago. In na yi shiru, Jabiru ya ce gobe zai aro wata caja. Wallahi tsoro nake ji. Ki gaya mini yadda ake dawo da ɗakin nan, ki kuma yi wa mijina faɗa, don duk shi ya ja mana.

Taki,
Matar Injiniya, daga wani gari.

*

Matar Injiniya,

Wa alaikumus salam. Kin ɓoye sunanki ƙwarai, sai dai kin bar mana na 'yarki, na yayanki, na ƙanwarki da allon shagon mijinki. Allah Ya sa mutanen Rano su yi kamar ba su gane ba.

Abu na farko, cajar nan ta ci gaba da zama a cikin kuka, kuma Jabiru kada ya ƙara taɓa kwamfutar. A daina kashe ta ana kunnawa. Na kai maganarki wurin mai gyara mana na'urori a ofis, ya ce alamun da kika faɗa ba su nuna abin da ke ciki ya lalace ba. Hanyar shiga ce ta toshe, kayan suna nan. Ɗakin da mijinki ya share kamar irin shuka ne da manomi ke ratayewa a rumbu. Duk shekara yana nan kamar ba shi da aiki, sai ranar da ruwa ya sauka.

Ku kai ta wurin mai gyara na gaske, ko da sai kun shiga Kano. Kafin ya taɓa komai, ya fara kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri, ko ya ciro faifan ajiyar ya haɗa da wata kwamfutar, ko ya tashe ta da filas ya kwafe. Ki faɗa masa da bakinki cewa ban da fomatin, ki kuma maimaita, domin wasu masu gyaran da shi suke fara gaisawa da kwamfuta. Kada ku bar ta ku tafi. Idan ta nemi wata doguwar lambar buɗewa, ku kira Habibullahi, mai yiwuwa tana cikin imel ɗin da ya yi amfani da shi lokacin da ya saita ta. Sai kin ga bidiyon da idonki yana aiki a wani wuri, sannan a gwada gyaran tashinta. Filas irin na Jabiru ma yana da zaɓin gyara, ba na wankewa kaɗai ba. In gyaran ya ƙi, a zuba sabon tsari, shi da kansa zai sake gina ɗakin. A canza batirin, kuma wannan karon a bar ɗakin ya zauna lafiya.

Faɗan da kika ce in yi wa mijinki kuwa, zan yi, amma ki matso kusa ki karɓi rabonki. Ya yi kuskure da ya share abin da bai sani ba, ya ƙara da gudu maimakon ya ce wannan ya fi ƙarfina. Sai dai rawanin nan ba shi ya naɗa wa kansa ba. Ke kika kai shi gaban Malam da kirari, kin kuwa san mutum ne da bai iya ce wa surukinsa a'a ba. Kika ƙara da allo, kika cinye zabbi. Kuma fomatin da yake shirin yi ba mugunta ba ce. A saninsa littattafai ne kawai, domin wadda ta san sauran ta yi shiru ta shiga kicin da caja.

Ki gaya masa yau. Ba sai kin ba shi labarin taga ba. Ki ce akwai bidiyon Inna a ciki, babu irinsa a ko'ina. Wannan ba tonon asirin Malam ba ne, mahaifiyarki ce, ke ma kina da haƙƙi a kanta. Mutumin da ya kasa cin zabo saboda amana ba zai share muryar surukarsa da saninsa ba.

Shi kuma ranar Juma'a ya daure ya fito daga banɗaki. Ya durƙusa yadda ya saba, ya ce abin ya wuce saninsa, ya kai wa waɗanda suka fi shi, kuma ba abin da ya ɓata. Malamin da ya shekara da shekaru yana koyarwa ya san darajar wanda ya ce ban sani ba. Allon shago kuma fenti ne, ana iya shafe shi.

Ki tausaya wa mahaifinki. Zabbi da gyaɗa ba ladan aiki ba ne, tambaya ce da ya kasa yi da baki. Dattijon da bai taɓa taka gidan 'yarsa ba, ba don littafin da ake samu a kowace waya zai taso daga Kibiya ba. Kada ki nuna masa kin sani. Ki ajiye bidiyon a wayarki, ki tura wa Habibullahi da Bara'atu, ki mayar da na Malam daidai inda ya saba samunsa. In kin miƙa masa kwamfutar a cikin dardumarsa, ki sunkuyar da kai ki ce littattafansa duk suna nan, har da wanda ya fi yawan dubawa. Sannan ki tashi ki kawo masa ruwa, ki ɗan daɗe a kicin.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya ba Baban Muhsina ikon cin zabo na gaba da kwanciyar hankali.

Anti Saudat