Jikana Ya Fito Daga Gidan Yari, Ba Zan Ɓoye Shi Ba

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara. Farin ciki ne ya yi mini yawa har ya jawo mini rigima.

Shekarata talatin ina yanka makulli da gyaran kwaɗo a ɗan shagona na bakin titi. Jikana, ɗan babbar 'yata, ya yi shekara shida a gidan yari saboda fasa shago. Ya aikata, ba na musu. Saboda shi na shiga ajin manya na yamma da furfurata, don na gaji da kai wasiƙunsa wani ya karanta mini yana taɓe baki. Wannan rubutun ma hannuna ne.

Wata uku ke nan da fitowarsa. Wuri tara ya nemi aiki, da an ji inda ya fito sai a ce za a neme shi. Sai na zaunar da shi gaban injina. Malama, hannun yaron nan! Makullin da ni sai na goge sau biyu, nasa yankan farko yake shiga kwaɗo sumul. Ji nake kamar in tare masu wucewa su zo su gani. Kakarsa ta ce na koma kamar wanda aka yi wa haihuwar fari.

To, tsarin shagona shi ne mutum ya bar makullinsa da safe, in rataye a ƙusa, ya karɓa da yamma. Ƙusa goma sha biyu ce, yanzu da ƙyar biyu ke samun makulli. Mai kemis ɗin da ke kusa da ni ya tambaye ni wa zai bar makullin gidansa a hannun wanda ya san fasa ƙofa. Na ce ya nemi wani. 'Yata tana so in mayar da ɗan nata ɗakin bayan shagon. Jiya shi ma ya roƙe ni haka, kansa a ƙasa. Na ƙi. Shekara shida yana bayan ƙofa, ni kuma in ƙara rufe shi? Ko shagon zai mutu, a gaba zai zauna. Har allo zan rubuta in faɗa wa kowa ko shi wane ne. Tsorona ɗaya, kada in wayi gari ya ajiye aikin.

Kaka Mai Makulli

Baba, barka da arziki. Kana da gaskiya, wanda ya gama zaman hukuncinsa bai kamata a sake yanke masa wani a bakin titi ba. Kada ka ɓoye shi.

Amma mai kemis ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma faɗa ba ya cire tsoro. Cire ƙusoshin nan. Daga yau a yanka wa kowa makulli yana tsaye yana kallo, ko kai ne a kan injin ko jikanka. Ba wanda zai sake barin makulli, kuma kowa zai ga hannun da kake yabo.

Labarin gidan yari kuwa nasa ne, shi zai zaɓi wanda zai faɗa wa. Zauna da shi ka ji dalilin roƙonsa. Ina jin ganin ƙusoshinka wayam ne ke cin ransa. Idan yana son gyaran kwaɗo a baya da rana, ƙyale shi. Amma ba shi makullin shagon, kowace safiya shi zai buɗe a idon jama'a.

Allon ma rubuta shi, da hannun nan da ya koyi biro dominsa: ana yanka makulli nan take, a gabanka. Allah ya ja da ranka, ya sa albarka a hannun jikanka.